Kwalba ta Biyu

…ai kuma ba ta ce a zauna a yi ta kallonta ba. Cewa ta yi a ajiye a inuwa, kar a buɗe, kar a girgiza, a ba ta kwana biyu. Amma ga Kaltume zaune a bakin gado da kwalbar a tafin hannu, karo na nawa ke nan tun hantsi? Oho. 'Yar mitsitsiyar kwalba, tsawon ɗan yatsa, farin murfi, wata 'yar takarda a nannaɗe a ciki kamar laya, sai ruwan. Ruwan bohol ɗin gidan nan. Ruwan Malam. In ya cika kwana biyu bai yi baƙi ba, Tahira ta ofishin lafiya za ta zo bayan la'asar ta cire kwaɗon da ta garƙama wa famfo. In kuwa ya yi baƙi—

A'a. Kar baki ya faɗa.

Kwana goma sha tara yau. Gida arba'in da ɗaya ke sha a bututun nan, har masallaci, har Islamiyyar bayan rimi, kuma kwana goma sha tara kowa na jan jarka zuwa famfon tuƙa-tuƙa na firamare, ga shi ana tsakiyar shuka, kowane hannu gona ke nemansa. Ba wanda ya tako ƙofar gidan nan ya faɗa mata baƙar magana. Ko mutum ɗaya. Da ita ce aka rufe wa ruwa saboda awakin wata tsohuwa… hm. Da an jiyo muryarta daga kasuwar Ɗanbatta. Ta san halinta. Mutanen nan sun fi ta. Alhamdu lillahi da Allah ya zaunar da ita cikin waɗanda suka fi ta.

Malam, kana ji? Sun fi ni.

Shekara takwas da rasuwar mijinta Malam Iliyasu, har yau in za ta yi masa magana sai ta juya inda buzunsa yake a da. Ba komai a wurin yanzu sai buhun irin gyaɗa. Shi take faɗa wa.

Motar haƙa — kwana uku tana ruri a bayan gida, kaji suka daina ƙwai. Jar laka, farar laka, yashi, sai kawai ruwa ya yi tsiri sama ya sauko a kan rawaninsa, shi kuwa yana tsaye bai gusa ba, dattijo guda yana dariya har ana ganin giɓinsa. Kafin nan fa? Rijiyar bakin hanya, gaba ashirin da biyu. Ka jefa guga ka yi salati sau uku kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ga kantar igiyar nan har yanzu, a ƙarƙashin kwalbar nan take, ba ta gogu ba. Yaran yanzu sai su murɗa ƙarfe ruwa ya zo… su murɗa ya tsaya… har su manta shi a buɗe su tafi wasa. Allah ya ƙara musu sauƙi. Kar su san igiya. Me za su yi da ita?

Ranar da aka ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka kafa sola, ya kira ta zaure ya ce, “Kaltume, karatuna kaɗan ne, gonata kaɗan ce. Wannan ne zai riƙa bina kabari. Ki kula min da shi.”

Ta kula. Wallahi ta kula. Wace safiya ce ba ta share gindin tankin nan ba? Wa ya kori yara masu wanke ƙafa a bakin famfo? Wa ya hana mata wanki a wurin? Ita. Da sanda ma.

Sai dai inuwa.

Inuwar tankin nan, ko da tsakar bazara sanyi gare ta, ga ɗigon ruwa yana tas… tas… har ciyawa ta fito kore shar alhali duk garin ya bushe. Wace mai kiwo ce za ta ga wannan ta bar dabbobinta suna haki a rana? Sai ta kafa turke. Akuya uku, tunkiya biyu, da ragon layya duk shekara. Kashinsu kuwa a share a tara nan gefe, da ragowar harawa, da toka, juji ya yi ta tashi har damina ta kusa. Taki. Taki fa! A ƙasar nan da gona ke manne da gona, ba hutu, ba saura, kakan kakanka ya noma wurin kai ma shi za ka noma, me ke riƙe da gero in ba taki ba? Wa ya taɓa kiran taki ƙazanta? Ɗanliti, ɗanta, yakan kwashe na sama da amalanke ya kai gona kafin ruwa ya sauka. Na ƙasan, baƙin nan da ya ruɓe ya yi laushi kamar garin kuka, wannan nata ne, ba mai taɓawa. Sai an yi ruwan shuka ƙasa ta jiƙu take ɗiba da kwano ta zuba wa kuɓewarta da yakuwa. Duk shekara haka. Duk garin nan wa ke da kuɓewa irin tata?

Ta ɗaga kwalbar saitin ƙofa. Fari-fari… ko rawaya-rawaya? Can ƙasa kamar akwai duhu. Inuwar yatsanta ce? Ta sauya hannu. Idon nan na hagu yanar ido ta rufe shi tun bara, na dama ma sai a hankali. Komai ta kalla sai ta ga kamar ta bayan labule.

A tsakar gida Aina'u na buga murfin kwano da ludayi, tana wata waƙa da ba kai ba gindi. Ƙara. Ƙara mai ciwon kai. Buga, uwata, buga. Fasa shi ma in kin so.

Kwana huɗu bayan ruwan shuka yarinyar nan ta fara. Amai, gudawa, amai, gudawa, kafin azahar idanu sun faɗa, ka ja fatar cikinta ta tsaya a tsaye kamar tsumma. Shekara uku, jika ta goma sha ɗaya, mai hawa mata baya tana sallah. Uwarta Aishatu, surukar Kaltume, ta goya ta a babur, kan yarinyar na lilo. Asibitin Ɗanbatta. An nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, sai da aka aske mata gefen kai aka soka allurar a nan. Ledar ruwa a rataye tana ɗiga. Ruwa ya kwantar da ita, ruwa ya tashe ta — ikon Allah. Har yanzu gashin wurin bai gama fitowa ba, wani ɗan fili kamar kwabo. Kaltume takan sa leɓe a wurin in yarinyar ta yi barcin rana.

Da wata nas, baƙa, gajeruwa, mai faɗa kamar ita. Ko sunanta ba ta tambaya ba, kaico. Ita ce ta tsaya tsakiyar ɗakin ta dubi gadaje ta ce, wai ku duk 'yan gari ɗaya ne? Yara bakwai. Wane ruwa kuke sha? Uwa bakwai, baki ɗaya: na Malam. Da alfahari ma suka faɗa.

Da ba ta tambaya ba fa? Da ta gaji, da yunwa take ji, da ta ce ba aikina ba ne? Ya Allah, duk inda matar nan take a yanzu, ka sanyaya mata. Ka ba ta 'ya'ya masu jin magana. In tana da ciwon ƙafa ka ɗauke mata.

Washegari sai ga Tahira a bayan babur, da hijabi ruwan toka da wani akwatin roba a cinya. Siririya, ba ta kai Aishatu ba. Ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaltume, ta tashi ta sa safar hannu, ta kunna wa auduga wuta ta kara a bakin famfo.

“Ke 'yar gidan wa ce?”

“'Yar gidan Abdulkabir mai gyaran keke ce, Inna, ta Ɗanbatta.”

“To shi ya koya miki ƙona wa mutane famfo?”

Dariya ta yi. Wai wutar don kar dattin bakin famfo ya shiga gwaji a ɗora wa ruwan laifin da ba nasa ba. Ji fa. Tun a nan yarinyar ke yi wa ruwan Malam adalci, ita kuwa tsohuwar banza ba ta gani ba. Me ta gani? Duba-gari. Tana 'yar shekara bakwai, wani dogo da gajeren wando na kaki da doguwar moɗa, ya dama randar Innarta ya ce akwai 'ya'yan sauro, ya sa sanda ya fasa ta a tsakar gida, Inna na tsaye tana kallon ruwan da ta ja da asuba yana bin ƙasa. Shekara sittin da wani abu ke nan, ashe mutumin na nan zaune a ƙirjinta da wandonsa. Shi ta gani a fuskar 'yar mutane.

Sai Kaltume ta tari ruwa a kofi ta ɗaga mata. Karatunta ke nan ai, abin da take tutiya da shi. Bokonta wata biyar ne a ajin manya, ta iya rubuta sunanta in ba a gaggauta ta ba. Amma wannan Malam da kansa ya koyar da su a zaure, ita da matan unguwa, har ta haddace: ruwa na nan da tsarkinsa muddin launinsa bai jirkita ba, ko ɗanɗanonsa, ko ƙamshinsa. Kuma kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne.

“Duba! Launi ya canja? Sunsuna! Akwai wari? To ga ɗanɗano.” Ta shanye tas a gabanta, ta kife kofin. “Ke da aka haifa shekaranjiya za ki koya min tsarkin ruwa?”

Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. “Inna, karatunki daidai ne, ni ma shi aka koya min. In alwala ce yi abinki, sallarki ta yi. Amma hanjin yaro ba alwala yake yi ba.”

Hanjin yaro ba alwala yake yi ba…

Kwana goma sha tara maganar nan na yawo a kanta. Malam, ba ka yi kuskure ba, ka ji? Abin da aka tambaye ka ka amsa. Ni ce na ɗauki amsar sallah na kai ta randa.

A ranar Tahira ta sa kwaɗon. Wai yara bakwai ba abin jira ba ne, a rufe tukuna, a gwada daga baya. Mata sun taru da bokitai suna kallo. Kaltume ta ji ƙarar kwaɗon — ƙyas — kamar an sake rufe kabarin. Bakinta ya riga ta. “Allah ya isa tsakanina da ke.” A gaban jama'a. Ga 'yar da ta durƙusa mata.

Ita kuwa sai ta buɗe akwatin ta ciro kwalba, irin wannan sak, ta cika da ruwan, ta kamo hannun da ya gama nuna ta, ta sa a ciki ta naɗe yatsun. Wai nata gwajin za ta kai Kano, amma wannan na Inna ne, ta ajiye a ɗakinta, kar ta yarda da maganar kowa sai idonta.

Wa ya koya wa yarinya ƙarama wannan? Ta san in takarda ta kawo da hatimi goma tsohuwar nan ba za ta yarda ba. Sai ta bar ruwan ya yi magana da bakinsa.

Ya kuwa yi. Ko kwana biyun bai cika ba. Ta buɗe kwallar da ta ɓoye ta ciki, sai ga ta baƙa ƙirin kamar tawadar allo. Ko makaho ya gani. An ce kar ta buɗe — ta buɗe mana, ita ce fa — wari ya bugi hancinta, ruɓaɓɓen ƙwai. Ta zame ta zauna a ƙasa. Launi ya canja. Wari ya canja. Na ukun ba ta gwada ba.

Wannan ne ke bin ka kabari, Malam? Wannan na aiko maka?

Ta yi kuka ranar har Aishatu ta leƙo ta koma. Amma ko cikin kukan akwai wani abu… sauƙi? E, sauƙi. An gano. Abin da ba ya ganuwa an sa shi ya fito ya tsaya a fili. Wani bawan Allah can wata ƙasa ya zauna ya ƙirƙiro 'yar takardar nan ta cikin kwalba, bai san Aina'u ba, bai san akwai wata Kaltume mai taurin kai ba, wataƙila ma ba ya sallah — oho, Allah ya san shi. Allah ya saka masa. Ta sa shi a addu'a, tana cewa mai kwalba. Ai Ubangiji ya san wanda take nufi.

Da Tahira ta dawo, Kaltume ta riƙe mata gefen hijabi ta ce ta janye, ta janye Allah ya isan nan, ta yafe mata. Me 'yar nema ta ce? “Haba Inna, ke ce ta huɗu a makon nan. Taki ma da sauƙi, ba ki haɗa da iyayena ba.”

Allah ya shirye ta. Allah ya yi mata albarka.

Sai awo. Ta ciro wani zare mai lamba, Ɗanliti ya riƙe baki ɗaya a kan bohol, ta yi ta ja da baya. Doka ta ce mita talatin tsakanin ruwan jama'a da masai, da turke, da juji. Masai ya tsira da taku biyu, Malam ne ya zaɓi wurinsa, shi kam ya yi nasa. Turke fa? Taku huɗu. Juji? Jingine yake da daɓen simintin, kamar ɗa da uwa. Tahira ta tsuguna ta share takin da hannunta, ta bi wata tsaga da yatsa, tun daga bakin bututu har kusurwar daɓen, har inda ta tsaya… a gindin turken ƙarfe.

Nata. Shekara uku ke nan. Wani ƙaton rago da ta yi kiwo, mai tumɓuke kowane turken ice, ta gaji da binsa cikin gonakin mutane, ta sa aka kafa na ƙarfe a cikin simintin da guduma. Ta ma yi murna ranar. Ta ce yau na yi maganinka. Tsagar kamar gashi take a lokacin, wa zai kula da gashi? Ruwan sama ya sauka a juji, ya jiƙa shi, ya tsatso, ya bi tsaga ya gangara… can ƙasa inda ba ido.

Tahira ba ta ɗago ta kalle ta ba. Ta ce wa Ɗanliti, ga inda ya shiga, ta tashi ta karkaɗe gwiwa. Shi ke nan. Ba wa ya kafa, ba yaushe. Sutura ce ta yi mata, ta sani. Gaban ɗanta, gaban surukarta.

Kwalbar ta yi ɗumi a hannunta. An ce kar a riƙa juya ta. Ta ajiye a kan kwalla. Ta sake ɗauka.

Gayya aka yi, ba ta ma kira ba. Amalanke biyu, jaki uku da mangala, maza suka bar shuka rabin yini. Mata da kwanduna a ka. Baƙin takin nan nata, na kuɓewa, ita ta fara sa masa kwano, ta ce a kai shi gonar da ta fi nisa. Dabbobi suka koma can gindin tsamiya, suna ta kuka kwana biyu, su ma sun saba da daɗi. Aka fasa tsohon daɓe aka zuba sabo mai gangara, aka kewaye da bulo. Aka hau tanki — shekara tara ba wanda ya leƙa cikinsa, wa ya san ana wanke tanki? — abin da aka kwaso a ƙasansa, kore, mai yauƙi kamar miyar karkashi, ta kau da kai. Sai farar hodar nan mai yaji a hanci, kulorin, aka zuba har cikin rijiyar bohol ɗin aka bar ta ta kwana, aka yi ta zuƙo ruwa ana zubarwa yini guda. Ruwa na kwarara a ƙasa ba mai tara! Mai kantar igiya a hannu ba ya iya kallon wannan. Ta shiga ɗaki ta toshe kunne.

Da takarda. Ashe duk ruwan da ya wuce gida ɗaya, ko na sadaka ne, sai hukuma ta san da shi, sai an rubuta shi, a riƙa gwadawa duk wata uku, a kulle murfin tanki, a… akwai wani abu kuma, ta manta, Aishatu ta riƙe. Kuma sai an sa sunan mutum ɗaya wanda za a tambaya in abu ya faru. Ɗanliti ya miƙa hannu zai karɓi biro. Ta buge hannun. Ni na ɓata, ni za a rubuta. Ta zauna ta zana shi harafi-harafi, Tahira na riƙe mata takardar ba ta gaggauta ta ba, K ɗin ya kwanta kamar akuya mai ciki, amma ya fito. Kaltume Iliyasu. Sunanta da nasa a layi ɗaya.

Duk wata uku yarinyar za ta zo. Za ta ajiye mata gyaɗa. Za ta soya mata wainar gero, ko tana so ko ba ta so, ta yi siranta da yawa, wace irin uwa ce ke barin 'ya haka…

In dai wannan ta fito fari.

In ba ta fito ba? Tahira ta faɗa, ba ta ɓoye ba: wani lokaci abin ya riga ya yi nisa a ƙasa, sai a sake hoda, a sake jira, in ya ƙi sai a toshe rijiyar gaba ɗaya. A toshe. Ta mutu ta je ta same shi ta ce masa me? Ka ba ni abu ɗaya—

Sallama a bakin ƙofa. Hure ce, matar gidan da ke jikin katangarsu ta gabas. Tun ranar da aka sa kwaɗo, kowace safiya sai ta dire jarka guda a ƙofar ɗakin nan daga famfon firamare, ba wanda ya sa ta, ba ta jiran godiya, kafin Kaltume ta idar da lazimi ta tafi. Jarkar ta zo ɗauka.

“Zo nan, 'yar nan. Ara min idonki. Me kika gani?”

Hure ta goge hannu a zani ta karɓa da yatsa biyu. Ta je bakin ƙofa ta ɗaga. Ta karkata kai.

“Garau yake, Inna. Ɗan rawaya kaɗan, kamar jiƙon kanwa.”

“Ƙasan fa? Duba ƙasan. Kar ki ji tausayina.”

“Har ƙasan. Ina ganin yatsana ta ciki.”

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi rabbil alamina. Malam, ka ji? Garau. Bayan la'asar za a buɗe maka. Masallaci zai yi alwalar magariba da shi. Za ta sa a yi wa Aina'u wanka da na farko, a'a, a fara kai wa liman, a'a—

Hure ba ta miƙo kwalbar ba.

Tana nan tsaye a bakin ƙofa, ta ba ɗakin baya, tana kallon abin a hasken rana. Ta daɗe. Me kuma take dubawa? Bayanta… siririn bayan nan, zani ɗaure a ƙirji, ba goyo.

“'Yar wannan abar,” in ji Hure, a hankali, kamar ba da kowa take ba. “Da bara ma an kawo ta…”

Ta juyo ta ajiye kwalbar a kan kwalla, a hankali, kamar ƙwai. “Bari in je, Inna, na bar tukunya a wuta.”

Bara.

Jamil. Ɗan Hure, wata goma sha huɗu, ya fara tafiya yana kama katanga. Bara, bayan ruwan shuka da kwana… biyar? Shida? Amai da gudawa. Hure ta shigo ɗakin nan da shi a kafaɗa, nan, nan inda take tsaye yanzu, ta ce Inna duba min yaron nan. Don ita ce babba. Don ita ta haifi tara ta raini ashirin. Ta sa yatsa a bakinsa ta shafa dadashi ta ce haƙori ne, kowane yaro da haka yake fitar da turame, kar ki wahalar da shi a babur. Ta ce ki yi ta ba shi ruwa kar ya bushe. Ta tashi da kanta ta ɗebo a moɗa. Ba shi na Malam, akwai albarka a ciki. Ita ta riƙe masa kai. Ya sha, yana kallonta.

Kwana biyu.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Kwana ne mana, wa ke jayayya da wannan? Amma jujin na nan bara. Tsagar na nan bara, shekararta biyu a lokacin. Ko kuwa haƙorin ne da gaske? Yara na mutuwa da haƙori… suna yi? Wa zai faɗa mata? Wace kwalba ce za a cika da ruwan bara?

Kuma Hure na wurin ranar awo. Tana tsaye da kwando a ka lokacin da yatsan Tahira ke bin tsagar. Ta ɗauki takin nan a kanta, sahu nawa, zuwa gona mai nisa. Tana da hankali. Ta iya lissafin kwanaki kamar kowa.

Ta sani. Tun ranar ta sani.

Ta sani, ta kuma tashi da safe ta tafi firamare ta bi layi, ta tuƙa famfo, ta ɗoro jarka, ta wuce ƙofar gidanta, ta kawo nan. Ko rana ɗaya ba ta fasa ba.

Wace irin… Ya Allah, wace irin mace ka ajiye min a jikin katanga?

Hure ta sunkuya ta ɗauki jarkar. Takalminta ɗaya ya juya, tana gyara shi da yatsan ƙafa.

“Hure.”

“Na'am, Inna.”

Ta tsaya, ta juyo rabi, tana jira. Fuskar ba ta ganuwa sosai, hasken ƙofa na bayanta, ga labulen idon nan. Kaltume ta buɗe baki. Bakin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, bakin da ya yi wa 'yar mutane Allah ya isa ba tare da ya tsaya numfashi ba. Magana biyu ce, sun taso tare, na gode da yafe min, kowace ta hana 'yar'uwarta fita. Wacce ce ta farko? In ta ce yafe min, ta faɗi abin da Hure ta yi duk kwanakin nan tana rufe mata. In ta ce na gode kuma…

Hure na jira. Jarkar na lilo kaɗan a hannunta.

Gajiya. Ta gaji, Malam. Hannunta ta miƙa kawai, a buɗe, ba ta ma san me take roƙo ba—